Takardar da Ba Ta da Hatimi

Waɗanda suka daɗe suna bin labarina sun san Tanko. Ga wanda ya shigo yau kuwa, sunana Grace, shekaruna ashirin da shida, ina koyarwa a wata firamare a Yelwa. Tanko makanikin injin jiragen ruwa ne, yana zaune a wata tunga gaba da Wara kaɗan. Danginsa sun zo gaisuwa, an karɓe su. Abu ɗaya ya rage: a karanta sunanmu a coci Lahadi uku a jere, yadda ake yi wa kowa. In ba a karanta ba, Fasto ba zai ɗaura aure ba.

Mai karanta sanarwar kuwa mahaifina ne. Shekara ashirin da biyu Baba Dauda yana sakataren cocinmu. Yana da littafi mai baƙin bango, a ciki yake rubuta sunan ango da amarya, da sunan uban kowa, da garinsu. Tun ina sakandare yake cewa ba zai ajiye littafin nan ba sai ya karanta sunana a ciki.

Ranar Alhamis da la'asar muna tsakar gida. Inna Ladidi, mahaifiyata, tana goge zanen zumuntar mata da dutsen guga na gawayi. Baba yana kan kujerarsa ta roba, rediyo a cinya.

"Ki gaya ma yaron nan ya kawo takardar fastonsu," in ji Baba. "Da hatimi. In ta zo da wuri sai in shigar da ku."

A nan zan amsa laifina. Wata takwas ina ce musu Tanko ba ya fashin sujada. Gaskiya ne. Amma ban taɓa faɗa musu inda yake yin ta ba, su ma ba su tambaya ba.

"Baba, ba su da fasto."

"An yi mai canjin wuri?"

"A'a. A gida suke taruwa."

Inna ta ɗaga dutsen gugar ta ajiye kan murfin tukunya. "Gidan wa?"

"Wata dattijuwa ce, Mama Tamada."

"Mi kika ce? Su nawa?"

"Ba su kai ashirin ba."

"To wa ka ba su jibin Ubangiji? Wa ka yi musu baftisma? In mutum ya mutu, wa ka tsayawa bisa kabarinai?" Ta juya ga Baba. "Baban Grace, ka ji ɗiyarka. Ni da nake gaban mata da ganga a bikin ɗiyan kowa, tawa za a kai ɗakin tsohuwa a ɗaura."

Baba bai ɗaga murya ba, dama ba halinsa ba ne. Ya kashe rediyon ya ce akwai fasto a Wara, tare suka yi makaranta. In Tanko ya je ya rubuta sunansa can, ya zauna a benci na 'yan makonni, za a ba shi takarda. Ya ce ba wannan ne karo na farko da aka yi haka ba.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya.

Na rubuta: "Baba ya ce ka je cocin Wara ka yi rajista. Faston zai rubuta maka."

Tanko ya amsa: "Zai rubuta cewa ni ɗan cocinsa ne?"

"Eh."

"Ai ba ni ba ne."

"Takarda ce kawai, Tanko."

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake.

"In shaida ake so, bari waɗanda suka san ni su bayar. Ki zo ran Lahadi ki karɓa da hannunki."

Ina cikin karantawa saƙon Nusaiba ya shigo, ƙawata mai ɗinki, wadda leshin aurena yake shagonta a kasuwa. "Amaryar Wara, in sa almakashi ko in dakata?" Na ce ta dakata. Ta turo fuskar mamaki guda uku.

Ban taɓa fashin kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci, ba tun da na shiga ina da shekara goma sha huɗu. Wannan Lahadin na bar rigar kwayata a rataye, na sa atamfa shuɗiya mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwali. Inna ba ta hana ni ba, ba ta kuma amsa sallamata ba. Mota ta sauke ni Wara, kabu-kabu ya ƙarasa da ni tungar.

Gidan Mama Tamada na ƙasa ne, ɗaki uku, da rumfar kara a tsakiya. Daga rumfar ana hango ruwa da jirage a ɗaure. An shimfiɗa tabarmi huɗu. Gefe guda tandar bandar kifi ce, an rufe ta da kwano saboda ranar Ubangiji, amma warin hayaƙi yana jikin komai. Na ƙirga mutum goma sha huɗu ban da Tanko da yara.

Mama Tamada doguwa ce, siririya, ta haura saba'in. Ta kama hannuna ta duba fuskata sosai.

"Ke ce malamar? Zamna nan kusa gare ni, ɗiyata. Nan ba mu da benci na baya."

A hanya Tanko ya ba ni tarihin. Shekara bakwai da suka wuce ruwa ya cika ya cinye hanyar da ke kai su Wara, wata biyu ba fita sai da jirgi, tsofaffi kuma ba su iya hawa. Suka fara taruwa a rumfar nan kafin ruwa ya janye. Ruwa ya janye, su ba su tashi ba. Ba faɗa aka yi da kowa ba.

Zan faɗi abin da na gani, na daɗi da marar daɗi.

Waƙarsu ba ta da daɗi. Wata ta ɗauko da sama, wani ya bi da ƙasa, ba ganga, ba molo, sai tafi. A cocinmu in mutum ɗari huɗu suka ɗauki waƙa ɗaya, ga ganguna, ga muryoyin mata daga dama, ƙirjina har rawa yake yi. A rumfar nan na yi kewar wannan tun baiti na farko.

Babu mai wa'azi. Tanko ya karanta aya takwas daga Maganar Allah, sai kowa ya faɗi abin da ya ji. Wani tsohon masunci, Baba Dudu, ya yi bayanin da na tabbata da Fastonmu yana nan da ya gyara masa. Ba wanda ya gyara. Wata mata dai ta ce, "Baba Dudu, ni ban ga haka nan ciki ba," ya ce, "To, ke kika yi boko," aka yi dariya aka wuce. Na tambayi kaina, in kuskuren ya fi wannan girma fa, wa zai tsayar?

Da aka zo addu'a sai lamarin ya sake. Ba a ce a tuna da marasa lafiya a dunƙule ba. Mama Tamada ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar wane ta yi sauƙi? Wance, mijinki ya kira daga Legas? Ta ce wa wata, "Shekaranjiya na ji muryarki da surukarki har nan. Kun shirya ko ko?" Matar ta sunkuyar da kai ta ce tukuna. Aka ce to ba za ta ci jibi ba sai ta je, ita ma ta yarda. A cocinmu na taɓa yin wata uku ina kuka a layin kwaya, lokacin da na rasa aiki, ba wanda ya lura. Amma kuma ba wanda ya tone ni a gaban jama'a. Har yau ban san wanne na fi so ba.

Suka raba burodi ɗaya, kofin zoɓo ɗaya ya zaga. Ni ban karɓa ba.

Bayan nan Tanko ya miƙe ya ce iyayen yarinyar da yake nema suna son takardar shaida. Ba su taɓa rubuta irinta ba.

"Mi ake sawa ciki?" in ji Baba Dudu.

Na san abin da ake sawa, na ga ɗaruruwansu a teburin Baba. Layi uku ne: wane ɗan ikilisiyarmu ne, an yi masa baftisma, ba ya ƙarƙashin horo. Sai sa hannu da hatimi. Na faɗa musu.

"Shi ke nan?" Mama Tamada ta dube ni. "Wagga ai ba shaida ba ta. Uba zai ba da ɗiyarsa bisa layi uku? Malama, ke ke da hannu mai kyau. A ba ta takarda."

Aka yago fallen tsakiya daga littafin rubutu na makaranta, aka ba ni biro, na ɗora kan faranti. Suna faɗa ina rubutawa. An yi masa baftisma a Wara yana da shekara goma sha shida. Bai taɓa aure ba, ba shi da ɗa a waje. Shi ya yi jinyar mahaifiyarsa shekara biyu, har wankin zanenta. In injin mutum ya mutu tsakiyar ruwa, ko Kirista ko Musulmi, Tanko ake kira.

Sai Baba Dudu ya ce, "Rubuta, shina da zahin rai."

Na tsaya.

"Rubuta. Bara, bakin ruwa, wani mai jirgi yac ce ya musanya mai kayan inji. Tanko ya mare shi har ya hwaɗi cikin laka. Mun zamnar da shi nan. Sati shida bai ci jibi ba, sai da ya tai gaban mutane ya durƙusa ya roƙi gahwara."

Na dubi Tanko. Ban taɓa jin wannan labari ba.

"Na so in gaya miki," ya ce a hankali.

"Ga shi an gaya mata," in ji Mama Tamada. "Malama, rubuta."

Na motsa biron a kan takarda kamar ina rubutu, amma ban sa maganar marin ba. Na san inda takardar za ta je. Da na gama, Baba Dudu, wanda bai san ko harafi ɗaya ba, ya ce in karanto musu daga farko. Na karanta. Ya karkata kai.

"Ina marin?"

"Baba, wannan dattawan coci za a kai wa. In suka ga haka..."

"Ɗiyata, in mun ɓoye, ran da ya ɗaga miki hannu ubanki zai ce mun cuce shi. Ba mu ce zai yi ba. Mun ce ya taɓa yi ma wani, kuma ga yadda ta ƙare."

Tanko ya ce, "Ki sa, Grace."

Na sa, da hannuna. Mutum biyar suka rubuta sunansu. Sauran tara aka shafa musu tawadar biro a babban yatsa suka dangwala, ni kuma na rubuta sunan kowa a ƙarƙashi.

Da ya rako ni bakin hanya ba mu yi magana sosai ba. Na tambaye shi ko akwai wani abu kuma da ban sani ba. Ya ce babu, in kuma ina shakka in koma in tambayi Baba Dudu, shi ba ya rage komai. Ban yi dariya ba.

Baba ya karanta takardar ranar Litinin da safe, kafin in tafi makaranta. Sau biyu ya karanta, yana bin layi da yatsa.

"Rubutunki ne wannan."

"Eh, Baba."

Inna ta ce a karanta mata. Da aka zo kan marin ta dafe ƙirji. "Kun ji ko! Su da bakinsu. Wane irin mutane ne waɗanga, da za a ce su yabi ɗansu su tona mai asiri?"

Baba ya ninke takardar ya sa a cikin baƙin littafinsa.

Ranar Laraba da hantsi muka je ofishin Fasto, ni da Baba. Kada wani ya ɗauka Fastonmu mugu ne. Shi ya yi mini baftisma, shi ya kwana biyu a asibiti lokacin da aka yi wa Inna aiki, matan zumunta kuma suka yi wata guda suna kawo mana abinci bi da bi. Ya karanta takardar a tsanake, ya duba dangwalen yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Grace, ban taɓa karɓar takarda mai gaskiya kamar wannan ba," ya ce. "Amma ba zan iya aiki da ita ba."

"Don ba hatimi?"

"Hatimi ba ado ba ne. Yana nufin akwai wanda zan kira. In bayan shekara biyar mutumin nan ya mare ki, wa zan rubuta wa?"

"Su za su zaunar da shi, Fasto. Sun taɓa yi."

"Tsohuwar nan shekarunta nawa? In ta kwanta dama, su goma sha ukun suka rabu biyu, ina za ki kai ƙara? Cocin nan an gina ta kafin a haife ni, za ta kuma wuce ni."

Har yanzu da nake rubuta muku ban sami amsar wannan tambaya ba.

Baba ya gyara zama. "In wani dattijo daga cikinmu ya je ya zauna da su, ya gani da idonsa, ya zo ya shaida fa?"

Fasto ya cire tabarau ya murza ido. "Sakatare, dattawa za su saurari irin wannan shaidar, ban hana ba. Amma ka san shawarar da aka yanke bara, da hannunka ka rubuta ta. Duk mai riƙe da muƙami da ya zauna sujada a irin waɗannan tarukan, ya sauka. Wa zai yarda ya je?"

Fasto ya ce hanya mai sauƙi tana nan, yaron ya je Wara ya yi rajista. Ya miƙo takardar, Baba ya karɓa.

A kwanakin da suka biyo Inna ta daina zancen gaba ɗaya, wanda ya fi faɗan ciwo. Ranar Juma'a na tura wa Tanko: "'Yan makonni ne kawai a benci. Ba za ka yi mini ba?" Ya amsa: "In kin ce in je, zan je. Amma ran da faston ya tambaye ni dalilin zuwana, zan gaya masa." Na san zai faɗa. Na kashe wayar.

Lahadi na sa rigar kwaya, ruwan hoda mai farin wuya, na zauna a layi na biyu, daidai gefen bagadi. Coci ta cika har waje. Inna tana gaban mata da zanenta na zumunta, ta kafa ɗauri. Muka yi waƙar shiga, muryoyi suka haɗu, na ji abin da na rasa a rumfar.

Baba ya hau da farin kaftaninsa, ya buɗe littafi. Ya karanta taron matasa, da aikin gayya na share harabar coci. Ya karanta aure biyu, ɗaya karo na biyu, ɗaya karo na farko, kowanne da sunan uba da gari. Ya ce duk wanda ya san dalilin da zai hana, ya ga dattawa. Daga inda nake ina hango gefen farar takardar tana leƙowa daga cikin littafin. Ya ɗan tsaya, ya rufe, ya sauka. Wata 'yar kwaya ta taɓa ni ta ce, "Naku fa?" Na ce tukuna.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya dawo gida, ya makara fiye da yadda ya saba. Inna ta riga ta canza kaya tana kwasar tuwo. Ya zauna, na kawo masa ruwa. Inna ce ta fara lura da hannunsa.

"Baban Grace, ina littahin?"

"Shina bisa teburin Fasto."

"Mantawa ka yi?"

"A'a." Ya sha ruwan ya ajiye kofi. "Grace, motar Wara ƙarfe nawa take tashi ran Lahadi?"

Inna ta saki marar tuwo a cikin tukunya. "Kai za ka tai? In ka zamna bisa tabarmar tsohuwar nan ba su maida maka shi, ka sani."

"Na sani. Shi ya sa na kai da kaina."

"To wa zai karanta sunan ɗiyarka?"

"Wanda suka ba." Ya dubi Inna. "Shekara ashirin da biyu ina karanta sunan mazan da ban sani ba, hatimi kawai nake dubawa. Waɗannan sun gaya mini abin da ban tambaya ba. Sai na ga fuskarsu."

Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, amma muna ji. Baba ya ce in gaya wa yaron nan ya shaida wa tsohuwar zai zo.

Na tura saƙon ina tsaye a bakin madafa. Tanko ya ce bari ya je ya faɗa mata. Bayan minti ashirin amsa ta zo.

"Mama ta ce lale, akwai wuri. Ta ce tunda sun ba da shaidata, shi ma ya taho da taki. Irin tamu, ba a rage komai. Baba Dudu ya ce a gaban kowa za a karanta."

Na karanta sau biyu. Wata takwas na bar iyayena cikin duhu, kuma ni ce na so cire layi daga takardar. Su goma sha huɗun sun ga na biyun da idonsu, na farkon kuwa Baba ne ya sani.

"Mi yac ce?" in ji Baba.

Na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta, ya dube ni na ɗan lokaci.

"Ɗauko mini biro," ya ce.